Ubale, Ɗumamenka Ya Yi Daɗi

Daga Allah muka fito, gare shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a tsayawa tambayar mutum ko ya gama aikin da ke hannunsa. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu na 2025, muna tsakiyar Sha'aban, Allah ya karɓi ran ɗan'uwana kuma abokin wasana, Alhaji Ubale Iro mai yadi, a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan ciwon suga ya daɗe yana cin sa tun daga ƙafa har ya kai zuciya. Da la'asar ne. Ruwan garin nan da ba ya sallama ya sauko, ina barandar gidan 'yata a Pantai Dalam ina kwashe shanya, sai waya ta yi ƙara. Matarsa Ramatu ce. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗelu, bawanki ya gudu." Na tsaya da rigar jikata a hannu, ruwa yana feso ni, har rigar da ta bushe ta koma sharkaf.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Ɗelu, 'yar kawunsa. Mahaifiyarsa, Gwaggo Hasna, ƙanwar babana ce, don haka taubasai muke, tun muna yawo ba riga a Rano nake kiransa bawana, shi kuma ya ce ni ce baiwar da aka ba shi gyara. Karatuna bai yi nisa ba, firamare ce da ban ƙarasa ba, sai ajin manya da na shiga bayan na aurar da 'ya'ya. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, haka mai shi take tafiya yanzu.

Ubale, masu ilimi sun riga ni yi maka rubutu, kuma ba su yi ƙarya ba. Sun faɗi shagonka na Jalan Masjid India, inda yaran gida masu karatu suke zuwa wai duba yadi, alhali yunwa ce ta kawo su. Kai kuma ka gane, ba ka taɓa tona su ba. Sai ka ce, "Raka ni mamak, gidan abincin nan, cin abinci ni kaɗai yana sa min ciwon kai," in an gama ka sa a ƙunsa wani ka ce an yi maka yawa. Sun faɗi farin yadin da kake ajiyewa can saman kanta ba na sayarwa ba. Duk baƙon da ya rasu a garin nan ba shi da kowa, ko daga wace ƙasa yake, kai kake yanka masa likkafani da hannunka. Ranar taka, da ɗanka Abdulbasit ya hau tsani zai ɗauko, sai ya tarar da guda an riga an yanke, an ninke, daidai tsawonka. Har a nan ma ba ka bar wa kowa aiki ba.

Ni ma ina da nawa. Lokacin da na zo wankan jegon 'yata Khaulah, wadda take koyarwa a jami'a, wankan da har yau ban gama ba tunda jikar ta shiga sakandare, kai ka koya min shiga jirgin nan na sama da titi. Na leƙa gaba ban ga direba ba, na ce a sauke ni. Ka ce, "Zauna, baiwata, aljani ne yake ja, kuma na gaya masa ke 'yar gida ce." Na riƙe hannun rigarka tun daga tashar Masjid Jamek har muka sauka, ina karanta duk abin da na haddace, kai kana ta dariya har hularka ta faɗi.

Amma duk waɗanda suka yi maka rubutu sun shiga gidan rayuwarka sun zaga ko'ina, sai suka zo ƙofar wani ɗaki suka rage murya suka wuce. Ni ɗakin nan zan buɗe, don na san in na bar shi a rufe za ka ce tsoro na ji. Ubale makaɗi ne. Ba makaɗin kalangu ba, makaɗin irin kiɗan nan da ake kira hebi metal, wanda ni na sa wa suna kiɗan maƙera, don in ka ji shi sai ka rantse ƙarfe ake dukan sa da ƙarfe ana zagin juna.

Abin ya samo asali tun a tsakar gidan Gwaggo Hasna. Duk unguwa ba wadda ta kai ta lugude. In ita da maƙwabciyarta suka kama taɓare, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, sai masu wucewa su tsaya a bakin zaure. Kai kuwa kana zaune gindin turmi kana bin su da gwangwani da ƙafafunka biyu, gari yana zubo maka a ka har ka koma kamar ɗan tsoho. Da gwamnati ta turo ka Malesiya karatun injiniya, ka haɗu da wasu samarin Malay masu gashi har baya a wajen Bukit Bintang, suna neman mai ganga. Suka zaunar da kai gaban tarin ganguna, babbar tana ƙasa, ana buga ta da fedoji biyu, dama da hagu. Ka ce min kana ɗora ƙafafunka sai ka ji Gwaggo da maƙwabciyarta sun shigo cikinsu. Suka tambaye ka inda ka koyo wannan gudun, ka ce wurin mata biyu masu daka gero. Suka ɗauka sunan makaranta ne.

Sunan ƙungiyarku Ribut Tembaga, wai guguwar tagulla. Ka aiko mana da kaset ɗinku na farko Rano, da hoton ƙoƙon kan mutum yana aman wuta a bangonsa. Muka taru muka saka a rediyon babana. Awaki suka tsinke turke. Gwaggo Hasna kaɗai ba ta motsa ba. Ta karkata kai tana saurare, can ta ce, "Ihun ban san na waye ba, amma dakan nawa ne."

Kun yi suna a zamaninku, sai gashi ya raba ku. An shiga wani lokaci da aka ce mai dogon gashi ba zai fito a talabijin ba. Pak Ayob mai waƙa ya je aka aske shi. Pak Jamil mai jita ya ce ya sayar da su, ya rantse ba zai ƙara tsayawa kusa da shi ba. Kai ba ruwanka a rigimar, naka gashin ko an bar shi shekara goma sama yake yi, ba ya sauka. Ka yi sulhu har ka gaji, ka naɗe gangunanka, ka auro Ramatu daga gida, ka buɗe shagon yadi. Mutanen nan biyu suka shafe fiye da shekara talatin suna gari ɗaya ba sa gaisawa, kowa yana zuwa shagonka a ranar da ya san ɗayan ba ya zuwa.

A shagon nan muka yi gardamarmu, wadda ta fi kowace daɗewa tsakaninmu. In rana ta take, ciniki ya yi sanyi, fanka tana kaɗa gefen atamfofi kamar suna numfashi, sai ka ciro wayarka ka sa min abin ji a kunne. Tsofaffin ƙungiyoyin kiɗan maƙera na ƙasashe daban-daban, waɗanda suka watse tun tuni, sun dawo sun yi sabon faifai da furfura. Kai kana bin irin waɗannan fayafayan kamar yadda wasu suke bin ƙwallo. Na saurara na cire na ce, "Bawana, wannan ai ɗumame ne. Tuwon jiya aka mayar kan wuta ana ce mana sabo." Ka ajiye almakashi ka dube ni. "Ɗelu, ki ji tsoron Allah. Ke da kike faɗa da yara kan ɗumame da safe? Wane tuwon dare ne ya kai shi shiga miya?"

Na ce ko auren kome ma ba kowanne yake zama ba. Ka ce gaskiya ne, amma wanda ya zauna ya fi na fari, don an riga an san munsharin juna.

Daga nan kakan bar wasa. Ka ce min lokacin da kuke samari kuna ihu kan mutuwa da kabari da ƙarewar duniya, ba wanda ya taɓa wanke gawa a cikinku. Aron tsoro kuke yi don ya yi kyau da baƙar riga. "Amma wanda ya binne uwarsa da abokansa, in ya buɗe baki ya yi ihun nan, ko muryar ta tsage, ki saurara, akwai mutum a ciki." Ka ce saurayi in ya riƙe jita kansa kawai yake ji, so yake ya rufe kowa. Tsoho kuwa hannunsa ya rage sauri, dole ya bar wa ɗan'uwansa wuri, sai kiɗan ya samu tagogi, iska ta shiga. Kuma ka ce ko faifan bai yi daɗi ba, kafin a yi shi sai da wasu mutane da suka daina magana suka zauna ɗaki ɗaya, wani ya miƙa wa wani ruwa.

Ba ka ce duka suna da kyau ba, kar in yi maka ƙari. Akwai waɗanda kakan cire abin jin da sauri ka ce, "Waɗannan sun rina gashi." Wato tsofaffin da suka dawo suna kwaikwayon kansu na da, suna sa na'ura ta ja musu murya sama inda maƙogwaro ya daina kaiwa, ta buga musu gudun da ƙafa ta daina yi. A hankali ni ma na iya. Sai ka saka min, in lumshe ido, in ce, "Rini." Ka saka wani, in ce, "Wannan furfura ce tsantsa, bar shi ya ƙare." Wata rana wata mata ta shigo sayen mayafi ta tarar da ni da hijabi da carbi ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Ta fita da baya. Ka ce na kore maka ciniki, na ce kai ka ɓata ni da tsufana. Duk da haka ban taɓa yarda a gabanka cewa ɗumame ya ci gardama ba. Abokin wasa ba a ba shi gaskiya, sai ya yi girman kai.

Sai ga shi bara mai buga muku babbar jita ya rasu, kuka haɗu a maƙabarta. Pak Ayob ya cire hula yana share zufa, Pak Jamil ma ya cire tasa. Ka ce min ka duba dama ka duba hagu, kawuna biyu suna ƙyalli kamar an goge ƙwarya, ba mai silin gashi ko ɗaya. Sanƙo ya yanke hukuncin da ka kasa yankewa shekara da shekaru. Suka kalli juna, dariya ta ƙwace musu a inda bai kamata ba, daga nan ta juye kuka. Kafin a watse sun yanke shawarar za su yi faifai ɗaya, na ƙarshe, su faɗi abin da suka gani tun rabuwarsu.

Na je kallon gwajinku sau da yawa, don in samu abin tsokana. Wani ɗaki ne a saman kanti, bango duk soso. Tsofaffi uku da ɗan marigayin wanda ya riƙe jitar ubansa, kowa da ledar magani a gefe. Pak Ayob ya daina kai muryarsa inda take zuwa da. Ya sauko da ita ƙasa, ta yi kauri kamar hadari yana tahowa daga nesa. Ba na jin Malay sosai, amma kai ka fassara min: waƙar kujerar da ba mai zama a kanta, waƙar hannun da yake rawa in zai ɗaura igiyar takalmi, waƙar ruwan sama a kan sabon kabari. In lokacin salla ya yi, kai kake ɗaga sanda, komai ya tsaya cak, a shimfiɗa darduma tsakanin wayoyi.

Saura waƙa ɗaya a gama ƙafarka ta hagu ta mutu. Dama tana bugawa, hagu tana kwance kan feda kamar ba taka ba. Waƙar kuwa ita ce aka gina kan gudun nan na ƙafa biyu. Mai haɗa sauti ya ce ba damuwa, na'ura za ta cike gurbin, ba wanda zai gane. Ka kalli ƙafar. Sannan ka ce, "Rini ne. Ɗelu za ta gane."

Washegari ka zo gidan Khaulah da sanda, ka zauna kana haki, ka ce, "Baiwata, aiki na zo sa ki." Na ce bawa ba ya aiken uwar gijiyarsa. Ka ce, "To roƙo na zo. Ƙafar da ta ɗauko dakan Inna ta ajiye shi. Ina so a mayar da shi inda aka samo shi." Pak Jamil ya samo wani tsohon turmin katako a ƙauyensu, da taɓare biyu. Amma lugude ba ya yiwuwa da mace ɗaya. Muka juya muka kalli Ramatu. Baiwar Allah nan tun da aka kawo ta ba ta taɓa zuwa inda kake kiɗa ba. Ba ta hana ka ba, ba ta kuma tambaye ka ba, gangunanka ma zani take lulluɓa musu in baƙi za su zo. Ta gyara mayafinta. Ta ce, "A wanke turmin tukuna."

Mai haɗa sauti ya so mu daki turmin haka nan ba komai a ciki, wai sautin zai fi fita. Na ce a gidanmu ba a dukan turmi wofi, sai dai a fasa. Ka aika wurin wani ɗan gida mai sayar wa ɗalibai kayan abinci aka samo gero. Aka jera makirfo kewaye da turmi kamar 'yan jarida sun zo jin ta bakinsa. Muka ci ɗamara. Pak Ayob ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Boleh, Makcik?" wato ko na shirya. Na ce masa boleh ɗin ƙaniyarsa, ya matsa kar taɓarya ta gaisa da sanƙonsa.

Ubale, ban san yadda zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Na sauke, Ramatu ta sauke, na sauke, ta sauke. Da farko kafaɗata tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sai ƙafarka ta dama ta shigo tsakaninmu, sai jitar Pak Jamil ta taso a hankali kamar hayaƙin murhu. Na rufe ido. Soson bango ya narke, na ga katangar gidan Gwaggo Hasna, na ga inuwar dalbejiya tana rawa a ƙasa, kaji suna zagaye mu suna jiran abin da zai faɗo. Na ji ƙamshin gero ya tashi. Na cilla taɓarya na tafa na cafe, abin da rabona da shi tun ina da ƙuruciya, na ji Ramatu ma ta tafa. Kuma ga abin da ba wanda ya shirya: gero yana laushi, sautin yana laushi. Ya fara da tsatsa kamar tsakuwa, ya koma dum, dum, kamar zuciyar mai barci. Su ma masu jita suka bi shi suna sauka, Pak Ayob ya koma raɗa. Da gero ya zama gari, waƙar ta ƙare da kanta. Na buɗe ido na gan ka, gari ya sauka a kanka da girarka, ka koma yaron nan na gindin turmi.

Garin nan fura muka yi da shi, tsofaffin maƙera suka sha da ludayi suna santi. Bayan 'yan makonni aka kwantar da kai. Ba ka ji faifan a haɗe ba.

Bayan an share makoki, Pak Ayob da Pak Jamil suka zo neman izinin iyali kafin su fitar da shi. Abdulbasit ya ce a'a. Ba zan zarge shi ba, kuma kar wanda ya karanta wannan ya zarge shi. Yaro ne mai tsoron Allah, mai kishin sunan ubansa. Ya ce mutane sun san Baba da likkafani da ciyar da ɗalibai, ba ya so a koma ana nuna shi da ƙoƙon kai mai aman wuta. Ya ce yana tsoron a riƙa kunna abin ana ƙara wa ubansa nauyi a inda yake. Ramatu tana ɗaki tana takaba. Tsofaffin nan suka sa takalmansu suka fita kamar an sake binne ka. Ni kuwa na ga aikinka na ƙarshe zai kwanta a cikin na'ura har ya ruɓe, kuma yaron ko sau ɗaya bai ji abin da yake hanawa ba.

Ni ba malama ba ce, ban isa in ce halal ko haram ba, wannan akwai masu shi. Abin da na sani shi ne ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji bakinsa ba. Wata azahar na ce Abdulbasit ya mayar da ni gida a motarsa. Muka shiga cunkoso, ruwa ya ɓarke, gilashi ya yi hazo, fitilun motoci suka zama jajayen furanni a cikin ruwa. Pak Ayob ya riga ya tura min waƙar a waya. Na danna, na ƙure murya, na ajiye a cinya.

"Gwaggo, please, kashe wannan."

"Tsohuwa ce ni, ɗan nan. Ban san inda ake kashewa ba."

"Gwaggo, ke da kike tura min bidiyo kullum?"

"Kunnawa na iya."

Ya miƙo hannu zai karɓa, sai tafin nan ya fito, nawa, na biyu ya bi shi. Hannunsa ya tsaya a iska. "Wane ne wannan?" Na ce na farko ni ce, mai ƙarfin kuwa wadda ta haife ka ce. Ya mayar da hannun kan sitiyari. Motarsa irin wadda ba ta da kuloci ce, ƙafar hagu ba ta da aiki. Ubale, na saci kallon ƙasa. Ƙafarsa ta hagu tana bugawa, daidai inda taka ta bari, shi bai ma sani ba.

Da dakan ya yi laushi ya tsaya, ashe ba a kashe makirfo da wuri ba. Aka ji numfashinmu, aka ji ka yi 'yar dariya, ka ce, "Ramatu, wallahi haka Inna take yi." Sannan ka ce, "To ku ajiye, la'asar ta yi." Abdulbasit ya kifa kai a kan sitiyari. Na bayanmu suna ta hon, ni kuma na sauke gilashi na ɗaga musu hannu su yi haƙuri, maraya ne yake gaisawa da ubansa.

Bai ba ni amsa a ranar ba. Ya je ya sa aka rubuto masa kalmomin waƙoƙin duka ya karanta, ya yi tambayoyinsa a inda ya yarda da su, sannan ya durƙusa gaban uwarsa. Ramatu ta ce, "Hannuna yana ciki. Tun da na auri ubanku, ranar nan kaɗai na san inda yake zuwa in ya yi shiru." Sai ya kira tsofaffin ya ce su fitar, amma da sharaɗi: a cire ƙoƙon kai daga bangon faifan. Pak Ayob ya dafe sanƙo ya ce, "Metal ba ƙoƙon kai, lah?" Abdulbasit ya ce a sa turmi. Turmin aka sa, da taɓare biyu a jingine, a ƙasa an rubuta Ubale ɗan Hasna.

Shekaranjiya da rana barci ya ɗauke ni a kujera. Na ga ina cikin jirgin nan marar direba, ba kowa sai ni, yana tafiya a kan gajimare, buhunan gero jere a kan kujeru. Na leƙa gaba na ce bari dai yau in ga aljanin. Sai na gan ka zaune da farin yadi, ƙafafunka biyu lafiya lau suna taka feda, jirgin yana tafiya da bugunsu. Ka waiwayo ka ce, "Rini ko furfura?" Na buɗe baki zan ba ka amsa, jikata ta tashe ni wai in zo in ci abinci.

To ga amsar, tunda ka gudu kafin in faɗa. Furfura ce tsantsa, bawana. Ɗumamenka ya yi daɗi, ya fi tuwon daren. Ka ci gardama, kuma ka ci sa'a ba ka nan balle ka dame ni da ita.

Ya Allah, ga Ubale nan ya zo maka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda kai kaɗai ka sani. Ka suturta shi kamar yadda ya suturta baƙin da ba su da kowa. Ka ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da 'ya'yan mutane bai kunyata su ba. In akwai kuskure a cikin abin da ya bari, ka yafe masa, ka yafe mana mu da muka riƙe taɓarya. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi, ka haɗa shi da Gwaggo Hasna a inuwar da ba ta gushewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ramatu, abokiyar dakana, Allah ya ba ki haƙuri ya cika miki ɗakin da ya yi faɗi. Ga Abdulbasit da ƙannensa, Allah ya yi muku albarka, ku riƙe saman kantar nan kada farin yadi ya yanke. Ga Pak Ayob da Pak Jamil, kada ku sake ɓatawa, mai yi muku sulhu ya tafi. Ga 'yan'uwa na Rano, da duk ɗalibin da ya taɓa raka shi cin abinci don kar kansa ya yi ciwo, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Mu kuma da muka saura, in tamu ta zo, Allah ya sa a ce mana mu ajiye, mu ajiye cikin imani. Amin.